Brioche: me ya sa sunan ɗaya ne amma burodin ya bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar gashin burodi da kek a Maraɗi. Akwai burodin Faransawa mai zaƙi da laushi da ake kira brioche. Ina ganin hotunansa daga ƙasashe daban-daban, suna ɗaya amma kamanni ba ɗaya ba. Shin kowane harshe da nasa sunan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yawancin harsuna aron sunan suka yi daga Faransanci, suka lanƙwasa shi daidai bakinsu. Ana furta shi "biriyosh". Rashawa na cewa briosh, mutanen Folan brioszka, Jamusawa da Turawan Ingila kuwa ko harafi ba su canza ba.

A Faransa kalmar ta bayyana a rubuce tun 1404. Masana na danganta ta da brier, wato murza ƙullu da katako a karin harshen Normandi, yankin da ya yi suna wajen man shanu. Man shanun nan da ƙwai su ne suka raba shi da burodin yau da kullum. A gauraye mai kyau, nauyin man kan kai rabin nauyin fulawa, shi ya sa ƙullun ke wahalar kwaɓi a zafi irin namu, sai an sanya shi a firji ya huta. Sukari kuwa kaɗan ne, ba kamar yadda mutane ke zato ba.

Rikicin hotunan da kika gani daga nan ya taso: sunan ya yi tafiya, abin kuma ya sauya a hanya. Idan kika shiga shagon shan kofi a Milan, arewacin Italiya, kika ce a ba ki brioche, abin da za a miƙo miki mai siffar jinjirin wata ne, wanda mutanen Roma ke kira cornetto. Can kudu a tsibirin Sisili, brioscia dunƙulalle ne da ɗan ƙwallo a ka kamar tukku, suna ce wa ƙwallon tuppo, ana tsaga shi a cusa askirim ko a ci da daskararren ruwan lemun tsami da safe. Wannan ya fi kusa da na Faris. A Romaniya brioșă ƙaramin kek ne na cikin kofin takarda, sau da yawa ko yis babu. A Kebek ta Kanada kuma, mai cewa brioche galibi naɗaɗɗen burodi mai kirfa yake nufi.

Maroko na da nata sunan, krachel, ana sa masa riɗi da anis (wata ƙwaya mai ƙamshi) da ruwan furen lemu.

Ni dai shawarata, idan za ki ɗauko tsarin haɗi daga intanet, kada ki tsaya kan suna. Duba ko akwai yis, sannan ki kwatanta yawan man shanu da ƙwai da na fulawa. Wanda aka yi da man gyaɗa da ƙwai ɗaya ba brioche na asali ba ne, ko me aka rubuta a kansa.