Abin da kan tsutsa yake faɗa game da ruwan da ya wuce

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake zaunar da kai gaban maikuroskop, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, kana tsince kawunan tsutsotsi daga laka, alhali abin da aka ba mu aiki a kansa shi ne zurfin tafki a zamanin da. Amsar tana cikin rayuwar ƙwaron da muke bi.

Ƙwaron nan, kironomid, yana kama da sauro amma ba ya cizo, kuma ka sha ganin tarinsa da yamma a bakin ramukan kuza da suka cika da ruwa a nan Jos. Tsutsarsa tana zama a ƙasan ruwa, tana wuce matakai huɗu kafin ta girma, tana saɓa a kowane mataki. Jikinta yana ruɓewa, amma ƙoƙon kanta mai tauri ne, yana nutsewa cikin laka ya zauna shekaru dubbai. Da haƙoran da ke jikin ƙoƙon muke gane irinta, kamar yadda dillalin dabbobi yake buɗe bakin rago kafin ya yi magana a kan shekarunsa. Kowane iri kuwa yana da ruwan da yake so. Akwai masu zama a gefe cikin ciyayi, akwai masu jure gishiri da kanwa, akwai kuma jajayen nan waɗanda jininsu yake riƙe iskar oksijin, shi ya sa suke iya rayuwa a zurfin da sauran ba sa kaiwa.

Saboda haka idan muka kafa bututu muka ciro laka, ta ƙasa ita ce mafi tsufa, muna yanka ta siriri-siriri, mu jiƙa kowane yanki cikin ruwan sinadarin fotash mai ɗumi, mu tace, sannan mu ƙirga. Kada ka kawo mini lissafin yankin da bai kai kawuna 50 ba, domin ƙasa da haka sa'a ce kawai take magana. Shekarun lakar kuma daga kabon-14 ake samunsu, wani sinadari da ke raguwa a hankali cikin abin da ya mutu.

Inda nake so ka natsu shi ne nan: ƙoƙon kai ba ya faɗin zurfi kai tsaye. Abin da yake nunawa shi ne irin ruwan da tsutsar ta rayu a ciki, kuma zafi da gishiri da iska da zurfi duk suna da hannu a wannan. A tafkin da ba shi da mafita, idan damina ta yi ƙaranci ruwa yakan ja baya, gishiri ya ƙaru, sai masu jure gishiri su mamaye wurin, su bar mana alama mai ƙarfi. Amma igiyar ruwa tana iya kwaso kawunan gefe ta zuba su a tsakiya, mai gaggawa ya ce tafkin ya kusa ƙafewa alhali bai motsa ba. Don haka sai an fara tattara laka ta yau daga tafkuna da yawa waɗanda aka auna zurfinsu da gishirinsu, a san wane iri ne yake zama a ina, sannan a gwada sakamakon da ƙurar furanni da ƙananan tsirran ruwa na diyatom da ke cikin lakar guda. A ganina, duk rahoton da ya tsaya a kan ƙwaro kaɗai bai gama dahuwa ba.

Da wannan hanya masanin kimiyya Dirk Verschuren da abokan aikinsa suka fitar da tarihin shekara 1,100 na tafkin Naivasha a Kenya, a shekarar 2000. Sun nuna cewa daga wajen shekarar 1000 zuwa 1270 yankin ya fi na yau fari, sannan daga 1270 zuwa 1850 aka fi samun ruwa, ko da yake fari mai tsanani ya katse shi sau uku. A tafkin Yoa da ke arewacin Chadi, tsakiyar Sahara, laka ta shekara 6,000 ta nuna cewa ruwan daɗi ne da farko, ya koma na gishiri wajen shekara 4,000 da suka wuce.

Wannan ya shafe mu. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da na 1980, kuma kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, yana nuna cewa an taɓa tuƙi a inda yau ƙasa ta bushe. Ma'aunin ruwan sama bai daɗe a ƙasar nan ba, don haka laka ce za ta gaya mana ko irin wannan ja da baya ya saba faruwa.

Gobe ka ɗebo laka daga gefen rami ɗaya da kuma tsakiyarsa, ka ƙirga su dabam-dabam, ka kawo mini takardun biyu mu gwada.