Hukuncin hoto, gutsurar tsoka da tiyata ga wadda aka samu ƙari a mamanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 41. Wata biyar ke nan ina jin wani ƙululu a mamana na hagu, ba ya ciwo. An yi min sikanin, likita ya ce ƙari ne, sai an gutsuri tsoka an auna, a yi hoton ƙirji da ciki, kuma mai yiwuwa a cire maman gaba ɗaya. Surukata ta ce daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai fantsama, a bari a gwada na gida. Maigidana bai saki jiki da maza su duba ni ba, ga azumi ya matso. Idan na ƙi aikin na dogara ga Allah, na yi laifi? Idan na yarda shi bai yarda ba fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya 'yar'uwa, Ya sa kaffara ne.

Neman magani halal ne tun asali. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce a yi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face Ya sanya mata magani, ban da tsufa. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Ƙarfe ke nan ya taɓa jikin sahabi da umarnin Manzon Allah. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta rarrabe hukuncin: magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko nakasa, mustahabbi ne idan barinsa raunana jiki kawai zai yi, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar.

To, naki wanne ne a ciki? Babu wanda ya sani tukuna, har likitan. Yawancin ƙululun da ake samu a mama ba daji ba ne, kuma rashin ciwo ba ya nuna komai, don sankarar mama ta kan fara ne shiru. Hoto yana nuna girma da wuri, tsokar da aka sa a madubin likita ce take faɗin mene ne. Tun da hukuncin ya rataya a kan sanin cutar, a fahimtata awon ya zama wajibi a kanki, bisa ƙa'idar nan cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Gutsurar tsokar kanta ƙaramin aiki ce: a kashe wurin da allura, a sa wata allura mai rami a zaro siraran tsoka uku zuwa biyar, kowanne kamar guntun tsinken tsintsiya, a rufe da filasta ki koma gida. Sakamako kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Idan daji ne, ki nemi a ƙara awon da ke nuna ko yana jin maganin homon (sinadaran jiki da wani dajin ke girma da su) da kuma ko yana da alamar da ake kira HER2, domin shi ke zaɓar maganin da za a ba ki.

Maganar surukarki akwai inda ta samo asali, kada a raina ta. Mutane sun ga an yi wa mace aiki, bayan wata kaɗan ta rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifi. Abin da ba a gani ba shi ne, a galibin irin wannan, cutar ta riga ta kai hanta ko huhu ko ƙashi tun kafin a je asibiti, saboda an shekara ana shafe-shafe. Sakiya, tsaga da maganin shafawa mai cin fata su ne ke mayar da ƙululu rufaffe gyambo mai wari da ba ya warkewa, ga watannin da suka tafi ba sa dawowa. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Addu'a, ruƙiyya da ruwan zamzam ki lazimce su tare da asibiti. Jiƙe-jiƙe kuwa, kada ki sha ba da sanin likita ba, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ke buƙatarsu.

Masu cewa barin magani tawakkali ne suna kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata albishir da Aljanna. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun ɗora irinsa a kan cutar da ba a rinjayar da zaton magani zai kawar da ita ba, ko barinta ba zai halaka ba. Saboda haka idan sakamako ya fito, ki yi wa likita tambayoyi a fili: mataki na nawa ne cikin huɗu? Maganin na warkarwa ne ko na sassauci? Me zai faru idan na jira wata uku? Za a iya cire ƙarin kaɗai a bar maman, a bi da gashi, wato ƙona ragowar ƙwayoyin cutar da hasken na'ura? Idan ya ce matakin farko-farko ne kuma ana fatan warkewa, ƙin yin aikin saɓo ne, domin Allah Ya hana jefa kai cikin halaka. Idan kuwa ta bazu har magani ya koma na jinkiri da rage raɗaɗi, zaɓi na hannunki, babu zunubi ko kin karɓa ko kin bari, kuma maganin ciwo mai ƙarfi irin mofin halal ne da umarnin likita. Neman ra'ayin likita na biyu babu laifi, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, ga na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ki tafi da takardun sakamako da hotunan duka don kada a sa ki maimaita, kuma abin ya ƙare cikin mako biyu, kada ya zama wata hanyar gudu. Istihara ana yin ta ne tsakanin hanyoyin magani biyu ko likitoci biyu, ba a yin ta a kan ko za a sauke wajibi.

Batun maigida. Izinin aiki na marar lafiya ne idan baliga ce mai hankali, haka Majalisar ta tabbatar. Ba a yi miki tiyata dole, kuma miji ba shi da ikon hana ki maganin da ya wajaba. Sai dai a bi da lalama: ki tafi da shi ya ji daga bakin likita, yawancin turjiyar maza tsoro ce da rashin bayani. Kishinsa kuma yana da gurbi a shari'a. A fara neman mace ƙwararriya, idan babu, namiji amintacce ya duba, a buɗe iya wurin buƙata, ba tare da keɓancewa ba, da mijinki ko wata mace a ɗakin. Jiran likita mace na wata da watanni alhali ƙari yana girma bai halatta ba.

Ranar hoton ƙirji da ciki da ake kira siti sikan za a fara da gwajin ƙoda, saboda ruwan kala da ake sawa a jijiya don hoton ya fito sosai ta ƙoda yake fita. Sukan ce kada a ci abinci awa huɗu zuwa shida. Ki faɗa musu idan kina da asma, ko wata allura ta taɓa tayar miki da borin jini, ko kina shan maganin ciwon suga metformin, ko kina zaton ciki, wannan na ƙarshen ɓoye shi cutar da ɗan tayi ne. Idan ruwan ya shiga za ki ji zafi ya ratsa jiki, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, ki ji kamar fitsari ya kufce miki. Kusan kowa yana jin haka kuma ba fitsari ba ne. Da yake a mazhabar Malik shakkar hadasi tana warware alwala, ki duba tufafinki bayan an gama, idan a bushe suke shakka ta kau, alwalarki na nan. Hoton maganaɗisu da suke kira MRI ba shi da tururin hoto irin na siti, amma yana fizgar ƙarfe: a cire 'yan kunne, fil ɗin hijabi da duk abin da aka rataya a jiki, a kuma sanar da su idan akwai ƙarfe ko na'ura a cikin jiki. Yana kai minti 30 zuwa 45 cikin ƙara mai yawa, don haka ki yi sallarki kafin ki shiga idan lokaci zai fita.

Game da azumi, Majalisar ta zauna kan wannan a 1997. Allurar jijiya da ba ta abinci ba, ciki har da ruwan kala, da gutsurar tsoka, ba sa karya azumi. Ruwan da ake ba mutum ya sha kafin hoton ciki yana karyawa, sai ki sha ki rama. Kada a ɗaga hoto ko aiki zuwa bayan salla saboda Ramadan, aya ta 185 a Baƙara ta riga ta ba marar lafiya rangwame. Kemo akasari duk mako uku ake yi, zagaye shida zuwa takwas, yana buƙatar shan ruwa sosai, shi ya sa na fi ganin ki ajiye azumi a kwanakinsa, idan likita ya ce zai cutar da ke ma ajiyewar wajibi ce. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye garkuwar jiki tana faɗuwa, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki a lokacin na gaggawa ne, asibiti za a nufa ko da tsakar dare, ba kemis ba. Hana ɗaukar ciki a tsawon maganin ya halatta, shayarwa kuma dole a dakatar.

Bayan aiki, wurin da aka ɗaure ko aka hana ruwa ya taɓa, shafa ake yi a kan bandejin a wanka, idan wankan zai cutar gaba ɗaya a yi taimama. Alamun da ake zanawa a fata don saita na'urar gashi kada ki cuɗe su. Salla kuma a zaune ko a kishingiɗe idan tsayuwa ta gagara. Abin da aka cire za a fara kai shi ɗakin awo, wannan ya halatta don da shi ake sanin ko an kwashe cutar duka. Idan an ba ku saura, a naɗe a ƙyalle a binne, ba a yi masa wanka ba a yi masa salla.

Wallahu a'alam.