Kamfanin wuta ya ce in riƙa biyan dala 165 kowane wata: sauƙi ne ko tarko?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni da maigidana da yaranmu huɗu muna haya a Bronx, cikin birnin New York. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, shi kuma tuƙi, kuma kuɗinmu a ƙirge suke: haya, cefane, da ɗan abin da ake turawa gida. Bil ɗin wuta ne ke hana ni barci. A watan Afrilu dala 95 ya zo, a Agusta kuwa 310, har sai da muka taɓa kuɗin haya. Yanzu kamfanin ya turo takarda cewa in ina so in shiga tsarin bajet, in riƙa biyan dala 165 kowane wata. Yayar maigidana ta ce in yi maza in shiga, wai tamkar bil ɗin ƙiyasi ne na gida, ko me ka kunna kuɗin ɗaya ne, har ta ce mu saki jiki da hita in sanyi ya shigo tunda ɗakin yara ba ya ɗumi. Wata maƙwabciyata kuma ta ce tarko ne, akwai kuɗin ruwa a ɓoye. Don Allah wa zan bi? Tsoro nake kada in jefa mu cikin bashi.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki shiga. Gida irin naku, mai kuɗin shiga a ƙirge da bil mai hawa da sauka, domin shi aka yi tsarin. Amma kada ki shiga da fahimtar yayar maigidanki, don ita ce za ta kai ki bashin da kike gudu.

Maganar maƙwabciyarki gajera ce. Dokar jihar New York ta 1981 mai kare masu amfani da wuta da gas a gidaje ita ta wajabta wa kamfanoni su buɗe wannan tsari ga mai so. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma ɗora ruwa a kan bambancin da ke tsakanin abin da kika sha da abin da kika biya. Tarar jinkiri ta kashi 1.5 cikin ɗari a wata tana nan, amma wannan kowa take hawa in ya makara, yana cikin tsarin ko ba ya ciki. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ita kuwa maganar "ko me ka kunna kuɗin ɗaya ne", ba na jin akwai makon da zai wuce ban ji ta daga bakin wani namu ba, kuma na san inda ta samo asali. Wanda ya taso a gidan da babu mita a Kano ko Kaduna ya saba da cewa babu wanda ya san iyakar abin da ya sha. Abin da aka rubuto shi ke nan, ka kashe ƙwai ko ka bar shi a kunne har gari ya waye. Ko a can ɗin ma ƙiyasin ba alheri ba ne, shi ya sa NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, ta sa masa iyaka a 2020, amma wannan zance ne na wata rana. A nan akwai mita, kuma shigarki tsarin bajet ba ta tsayar da ita. Tana juyawa kamar jiya, tana aika wa kamfani lissafi dare da rana ba sai wani ya zo karantawa ba. Dala 165 ɗin nan ba farashin wutarki ba ne. Kamfani ya duba abin da gidan ya sha a wata 12 da suka wuce, ya ga ya kai kimanin dala 1,980, ya raba gida 12. Bai rage miki ko senti ɗaya ba, kuma bai yi alkawarin ragewa ba.

Kamar mai kantin unguwa ne da ya ce ki riƙa kawo masa kuɗi kaza duk Juma'a, ki ɗebi abin da kike bukata. Ba wai ya daina rubutu ba ne. Kowane gwangwanin madara yana shiga littafi, kuma akwai ranar da zai buɗe littafin a gabanki.

Mu yi lissafin hitar da aka ce ki saki jiki da ita. Yawancin ƙananan hitocin da ake sayarwa a Amurka wat 1,500 suke ci in an ƙure su. Awa 8 a dare, yunit 12 ke nan. A wata, yunit 360. Mu ɗauka duk da kuɗin kawo wutar da haraji yunit ɗaya na tsaya miki senti 30, ki duba bil ɗinki ki sa naki adadin: dala 108 a wata, daga hita ɗaya tak. Disamba zuwa Maris, dala 432. Wannan kuɗi ba ya cikin 165, domin bara ba ku kunna ta ba. A duk tsawon watannin nan bil zai iya ci gaba da zuwa da 165, hankalinki kwance, yayar maigida na cewa "ba na faɗa miki ba?" Ranar rufe lissafin shekara, wato ranar da kamfani zai haɗa abin da kika sha da abin da kika biya, sai ki ga dala 597, wato 432 ɗin nan da 165 na watan. Kusan ninkin bil ɗin Agustan da ya sa kuka taɓa kuɗin haya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu zuwa da leda cike da ambulan da ba a taɓa yagawa ba. Mutum ya haɗa biyan da asusun bankinsa, kuɗi na fita da kansa, ya ga ba shi da sauran dalilin buɗe takarda. Sai mu zauna mu yi ta yagawa ɗaya bayan ɗaya muna jerawa a kan tebur, ina nuna masa layi guda da yatsa: nan ana bin ka 40, nan 150, nan 260, nan 390. Kowane wata an gaya masa. Sai ya ce, "Malam, ai ni ban taɓa fashin biya ba." Gaskiya ne, bai taɓa ba, kuma bashin halal ne, wutar shi ya sha. Ba na wanke kamfanoni a nan. Adadin da suke so ka biya da manyan baƙaƙe yake a saman shafin farko, wanda zai cece ka kuwa sai ka laluba, wani lokaci a shafi na biyu, da rubutun da sai mai tabarau. Wanda Turancinsa na wurin aiki ne kawai ba zai gane shi ba sai an nuna masa. Amma yana nan: abin da kika sha na haƙiƙa, abin da aka caje ki a tsarin, da bambancinsu zuwa yau. Wannan na ukun shi ne bil ɗinki na gaske. Minti ɗaya a wata ya ishe ki duba shi, in kin ga yana hawa a lokacin da ya kamata ya sauka, ki ƙara dala 20 ko 30 a kan biyanki tun kafin ya girma.

Tsarin kuma ba ya ɗaure farashin yunit. In kuɗin gas ɗin da ake samar da wuta da shi ya tashi a kasuwa, ko hukumar jiha ta amince wa kamfani ƙarin kuɗin kawo wuta, lissafinki na haƙiƙa zai tashi ko da ba ki ƙara ƙwai ɗaya ba. Shi ya sa kamfanoni ke sake dubawa a tsakiyar shekara su ce daga yanzu 185 ne. Mutane su zo mini a fusace wai an saɓa alkawari. Ba a saɓa ba, gara ma wannan ƙarin da a bar ki sai ƙarshen shekara a ɗora miki gaba ɗaya. Ba mu kaɗai muke faɗawa wannan ruɗu ba. A 2022 Firaministar Birtaniya ta lokacin, Liz Truss, ta fito tana cewa babu gidan da zai biya fiye da fam 2,500 na makamashi a shekara, alhali farashin yunit aka ƙayyade, fam 2,500 ɗin misali ne na matsakaicin gida, wanda ya sha fiye zai biya fiye. In mai mulkin ƙasa ta ruɗe, ba zan ga laifin yayar maigidanki sosai ba. Akwai dai inda ake sayar da tsayayyen bil na gaske, kamar tsarin FlatBill na kamfanin Georgia Power, wanda ba a rufe lissafi a ƙarshen shekara, amma an riga an ɗora ƙari a cikin kuɗin saboda kasadar da kamfani ya ɗauka, kuma abin da ka sha bana shi zai yanke maka kuɗin baɗi. Ba shi aka turo miki ba.

Ki lura da lokacin shiga. Ku da zafi wutarku ke tashi saboda esi, na'urar sanyaya ɗaki. In kin shiga yanzu da kaka, za ki riƙa biyan fiye da abin da kike sha har bazara, rarar na taruwa a wurinsu, Yuli da Agusta su zo su cinye ta. Wannan ya fi kwanciyar hankali. Mai shiga a Yuni kuwa da bashi yake farawa. Bambancin yana fitowa ne ranar tashi daga gida ko fita daga tsarin, domin a ranar ake rufe lissafi: in kina da rara a mayar miki, in ana bin ki a nema duka a bil guda. Haka ma in kika yi ta fashin biya, za su iya cire ki, abin da ya taru ya faɗo lokaci ɗaya. Masu tafiya gida hutun wata biyu su bar asusun banki babu kuɗi, da su nake. In kuma ba ku cika shekara a gidan ba, ki tambaya da lissafin wa aka fitar da 165, don sau da yawa na wanda ya tashi ne, kuma tsoho shi kaɗai ba ya shan wutar gida mai mutum shida. Kafin ki amsa, ki kira ki yi tambaya biyu: wane wata ake rufe lissafi, kuma in ana bi na, a dunƙule za a karɓa ko za a raba shi cikin shekara mai zuwa? Ki rubuta amsar da kwanan wata a bayan bil.

Sai batun ɗakin yara, wanda ya fi damuna fiye da kuɗin. A birnin New York ɗumama gidan haya nauyin mai gida ne daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, in sanyin waje ya yi ƙasa da maki 55 a ma'aunin Farenhait, dole cikin gida ya kai 68, da dare kuma 62 ko yaya waje yake. In ɗakin bai kai ba, ki sayi ɗan ma'aunin zafi, ki ɗauki hotonsa, ki sanar da mai gida a rubuce, in ya yi kunnen ƙashi ki kira 311, layin kai ƙorafi na hukumar birnin. Mutanenmu na jin nauyin kai ƙara, sai su sayi hita su riƙa biya wa mai gida aikinsa daga aljihunsu. Kuma ke da ke Bronx ba sai na tuna miki ranar 9 ga Janairun 2022 ba, da gobara ta tashi daga hitar da aka bari a kunne a wani dogon bene, hayaƙi ya kashe mutum 17, 8 daga ciki yara, akasarinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah Ya ji ƙansu. In dole sai an kunna, a bango kai tsaye za a jona ta, ban da wayar ƙari, nesa da labule da katifa, kuma ba a barci a bar wa yara ita.

Da zarar sanyi ya shigo za ki ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Saurayi da kati a wuya, ya ce daga wajen wuta yake, ki nuna masa bil zai sa ki a "tsayayyen farashi". Lambar asusunki yake nema don ya mayar da sayen wutarki wani kamfanin dillanci, farashi mai daɗi na 'yan watanni, daga nan ya haura. Wannan ba tsarin bajet ba ne, kuma tsarin bajet ba ya bukatar kowa ya zo ƙofarki. Haka ɗan akwatin nan da ake talla a Facebook da WhatsApp, wai ka soka shi a soket ya rage maka rabin bil. Ba ya rage komai a mitar gida, ƙaramar fitilar jikinsa ma wutarki take sha. Mai kira a waya ya ce za a yanke miki cikin awa ɗaya sai kin sayi katin kyauta kin karanto masa lamba, ɓarawo ne, ki kashe wayar ki kira lambar da ke jikin bil.

Abin da ke rage kuɗi da gaske yana wani wurin, kuma takardunsa ne ke korar mutane. Akwai tallafin makamashi na gwamnatin tarayya, LIHEAP, tun 1981, wanda a jiharku ake kira HEAP, galibi ana buɗe shi a Nuwamba. Akwai kuma rangwamen wata-wata da kamfanonin jihar ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, musamman masu karɓar HEAP ko tallafin abinci na SNAP. Da yara huɗu da irin aikinku, ki tambaya ko kun cancanta, kada ki yanke wa kanki hukunci. Za su sa ki jira a waya, za su nemi takardar da kika riga kika bayar, ki daure. Ki haɗa shaidar albashinku, takardar haya, bil na ƙarshe da katin shaida a ambulan ɗaya kafin ki fara. In kuma akwai tsohon bashi a asusun, wannan yarjejeniya ce daban ta biya kaɗan-kaɗan, wadda doka ta ce ga wanda ya nuna ba shi da hali za ta iya sauka har dala 10 a wata, ana biyanta tare da bil ɗin wata. Kada kuma ki saurari masu cewa ba a yanke wuta da hunturu. Akwai ƙarin kariya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, mafi yawanta ga wanda ɗumin gidansa ya dogara da wutar, amma matakai ne da kamfani zai bi kafin ya yanke, ba yafe bashi ba ne, kuma mita na ƙirgawa a watannin nan kamar sauran.