Likita, Maganin Fitsarin Mama Ya Daina Aiki

Tambaya: Likita, me ya sa ciwon fitsari ya fi addabar tsofaffi?

Amsa: Idan shekaru suka ja, mafitsara ba ta juye fitsari duka, ragowar kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ce. Ga mata akwai ɗaukewar al'ada, ga maza kumburin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara. Ciwon suga da robar fitsari ma suna ƙara haɗarin.

Tambaya: Mahaifiyata shekararta 74. Sau uku ke nan bana tana fama da zafin fitsari. Da mun saya mata ciprofloxacin take samun sauƙi, yanzu kuwa ko gezau. An ba mu shawarar mu ninka mata, ko mu haɗa da ragowar kafson da ke gida. Mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ku yi. Wanda ya ba ku wannan shawarar bai taimaki Mama ba ko kaɗan.

Ba jikinta ne ya saba da maganin ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ƙwayar cutar ce ta sauya. Yawancin ciwon fitsari ƙwayar E. coli ce ke kawo shi, daga hanji take gangarowa. Duk lokacin da aka sha antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin, ba bisa ƙa'ida ba, raunanan suna mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Wasu har wani sinadari suke fitarwa, ESBL, mai lalata magunguna da dama kafin su taɓa su. Ninka magani ba zai kashe irin waɗannan ba, sai dai ya wahalar da tsohuwa. Shi kansa ciprofloxacin yana iya tsinka jijiyar agara, musamman ga wanda ya haura 60. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi kan shan magani rabi-rabi, amma ga mu har yau muna zazzage ragowar kafso daga cikin durowa!

Ku kai ta asibiti a ɗauki fitsarinta kafin ta sake shan komai. Gwajin kolca, wato rainon ƙwayar cutar da ke cikin fitsarin a ɗakin gwaji, yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3, shi zai nuna ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Ku faɗa wa likita duk abin da ta sha, kada ku ɓoye don kunya. A duba ƙodarta da suganta, domin akwai magunguna irin su nitrofurantoin da ba su dace da mai raunin ƙoda ba.

Idan kuwa kuka ga zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kwiɓi, amai, ko ta fara ruɗewa tana magana ba kan gado, kada ku jira gari ya waye. Cutar na iya shiga jini. Asibiti kai tsaye.

Tambaya: Gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsarin Babana, amma shi lafiyarsa ƙalau. A ba shi magani?

Amsa: Yawanci a'a. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da su ba tare da illa ba, kuma ba su magani haka kawai shi ke haifar da masu bijirewar. Amma likitansa ya gan shi, musamman idan za a yi masa aiki a hanyar fitsari.

Tambaya: Shan ruwa da yawa yana warkarwa?

Amsa: Yana taimakawa wajen kariya, ba ya maye gurbin magani. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya fara tambayar likitansa adadin da zai sha.