Kawu, ga abin da ke kai mu Samarƙand

Kawu, barka da war haka. Ka ga hotunanmu a Samarƙand, ka ce ko yawon kaburbura muka koya a ƙasar Uzbekistan. Bari in warware maka.

Mu Hausawan da ke zaune a Tashkent ba mu da yawa, kuma al'adarmu ce duk baƙon da ya iso daga gida, in ya huta gajiya, mu sa shi a jirgin ƙasa na Afrosiyob zuwa Samarƙand, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Turawa kan fara da Registan, tsohon dandalin tsakiyar garin. Mu kuwa sai mu ɗauki mota zuwa ƙauyen Hartang, kimanin kilomita 25 daga gari, inda Imam Bukhari yake kwance.

Kai ka zaunar da ni a zaure ina jin "haddasana" tun ban san ma'anarta ba. To mai littafin hadisan, Sahihul Bukhari, ke nan. A Bukhara aka haife shi a 194 bayan Hijira. Gwamnan garin ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantar da 'ya'yansa su kaɗai, ya ƙi, aka fitar da shi daga mahaifarsa, ya rasu wajen danginsa a wannan ƙauye daren ƙaramar Sallah, shekara ta 256. Sallama muke yi masa, mu roƙa masa rahamar Allah, mu juya. Ba ma roƙonsa komai, Kawu, wallahi. Na ga dattijon da ya kasa riƙe hawaye a wurin, ni ma ranar farko haka na yi.

Daga nan sai makabartar Shahi Zinda, inda mutanen garin ke cewa Ƙusamu ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW), yake. Da yamma mu shiga Registan mu ga makarantun nan uku masu shuɗin ado, wadda ta fi tsufa Ulug Beg, mai mulkin garin a lokacin, ya kammala ta a 1420 Miladiyya.

Abu biyu muke gargaɗin baƙo. Mutanen ƙasar Hanafawa ne, in ya saki hannu a salla za a kalle shi, kada ya ji haushi, ya ce Malikiyya yake bi. Gurasarsu kuma ba a kifa ta a kan tebur, raini ne babba.

A gaida Inna. In Allah ya kawo ka, ni zan raka ka da kaina.