Aksil babba ko ƙarami ga motar shiga daji

Ɗan uwa, kana tambaya ko ka bar aksil ɗin da ya zo da motarka, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama yana juya su, ko ka sa babba saboda hanyar ƙauyukan Bokkos. Ka bar naka, in dai tayarka ba ta wuce inci 35 ba kuma ba lodi kake jibga mata kullum ba. Matsakaicin aksil irin Dana 44 ya ishe ka, babban irin Dana 60 na masu taya inci 37 zuwa sama ne.

Babban aksil fa tulunsa, wato kumburin tsakiyarsa inda giya take, ya fi saukowa ƙasa, ga nauyi ga shan mai, ni da na sa, daminar bara tulun ya hau dutse ya zauna daram, tayoyi na ta juyi cikin laka, sai da samarin garin suka taya ni da jak da itace muka fito. Amma in buhunan dankali kake cika ta da su, ko ka riga ka karya shaf, wato sandar cikin aksil mai juya taya, sau biyu, to wallahi kar ka tsaya, ka je wajen bakanikan Farin Gada a Jos a duba maka babba, kuma bakanike ya tabbatar lissafin giyar gaba da ta baya ɗaya ne.