Wai ina tsohon Ridge na The Bold and the Beautiful?

Ɗan'uwa ka ce Ridge ya canza maka fuska, ai ba idonka ba ne, mutum aka canza. Ronn Moss ne ya riƙe rol ɗin tun farkon wannan shirin talabijin na Amurka a 1987 har ya bari a 2012, shekarar da Susan Flannery, mai fitowa a matsayin Stephanie mahaifiyar Ridge, ma ta tafi, aka kashe Stephanie da kansar huhu a cikin shirin. Wanda kake gani yanzu Thorsten Kaye ne, haifaffen Jamus, ya shigo ƙarshen 2013, shi ne ya fito a matsayin Zach a shirin All My Children. Gaskiya ya iya aktin, muryarsa kaɗai ta isa, amma wallahi in na gan shi da Brooke, masoyiyar Ridge, har yau Moss zuciyata ke nema, ita kuwa Katherine Kelly Lang ce dai tun 1987.